Mai Fararen Kaya a Ƙofar Gidana

Kwana huɗu fasfon Saffana ya yi a aljihun rigata, ita kuwa tana ta zazzage jakunkuna tana nemansa. Ranar Juma'a ce rana ta ƙarshe da za ta miƙa shi a ofishin ɗalibai na jami'arsu don a sabunta mata takardar zama. In Juma'ar ta wuce ba ta kai ba, karatun haɗa magunguna da ta shekara biyu tana yi ya tsaya ke nan, sai komawa Kano gidan yayata Balki. Na san haka sarai. Don haka ma na ɗauke shi.

Sunana Ma'azu. Shekarata goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina da ɗan shagon abaya da mayafai a unguwar Xiaobei. Muna zaune a hawa na shida na wani tsohon bene marar lif, ni da matata Ramatou, 'yar Maraɗi, da 'yarmu Saffana. Shekara uku da suka wuce aka ɗauke mana wani kwali a bakin ƙofa, shi ne na maƙala kamara a saman ƙofar, tana kallon baranda da kan matakala. In mutum ya tsaya a wurin, sai wayata ta yi ƙara. Yawanci masu kawo saƙo ne, har na daina dubawa.

Bana da Sinawa suka tafi hutun sabuwar shekararsu, kasuwa ta rufe, na je Kano na yi mako biyar. Na dawo a watan Maris na tarar aiki ya taru, kaya suna jiran lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na koma fita daga sallar asuba, ba na shigowa sai bayan isha. Na kuma tarar garin ya shiga lokacin nan da bango yake gumi, daɓe ya jiƙe kamar an watsa masa ruwa, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Takalmana da na saba bari a waje ma sai da na riƙa shigo da su, don sun fara fumfuna.

Wata ranar Talata ina kasuwar Baima ina zaɓen yadi, wayar ta yi ƙara. Ƙarfe huɗu da rabi. Ban san abin da ya sa na duba ba. Hoton ya yi dishi-dishi, kamar ana leƙe ta cikin ruwan koko, amma na ga mutum tsaye a ƙofata. Fari fat daga sama har ƙasa, da wani abu fari a kansa kamar hula. Ya ƙwanƙwasa. Ƙofa ta buɗe, na gane jan hijabin 'yata. Mutumin ya rusuna, irin rusunawar mai gaida surukai, ya miƙa mata wani abu da hannu biyu. Ta karɓa. Suka ɗan jima a tsaye, sannan ya juya ya narke cikin hazon.

Na koma baya cikin abin da kamarar ta ajiye. Litinin ya zo. Asabar ya zo, Juma'a ya zo, Alhamis ya zo. Ranar Lahadi da nake wuni a gida, ko inuwarsa babu.

Wani zai ce me ya hana ni tambayarta. Saffana 'yar farina ce. A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Shekararta ashirin, ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Yanzu ma da nake rubuta sunan hannuna nauyi yake yi. To mutumin da bai iya ce mata "yaya makaranta" ba, da wane baki zai ce "wane ne yake zuwa wurinki"?

Sai na bi ta kan uwarta. Bayan mun ci abinci, tana ɓare mini lemo, na ce, "Ramatou, babu mai zuwa gidan nan in ba na nan?"

Ta ce, "Maigida, wa zai hawo bene shida don ya ga kyawunmu?"

Ta dubi yarinyar, yarinyar ta dube ta. Na ga Ramatou ta cije leɓe, ita kuma ɗayar ta tashi da sauri ta shige kicin. Daga can na ji wani abu kamar tari, amma ba tari ba ne.

"Sha lemo," in ji Ramatou. "Mai zaƙi ne."

Na sha. Amma na ce a raina, ashe su biyu ne.

Akwai wani yaro Ismaël, ɗan Yamai, da yake sayen mayafai a wurina yana turawa gida. Kullum cikin farar jallabiya da farar hula. Ya taɓa ganin Saffana sau ɗaya a shago. Washegari da ya shigo, bayan gaisuwa ya ce, "Baba, yaya madmazel da karatu?" Da can da na ce lafiya lau na wuce. Ran nan kuwa sai da na kalle shi tun daga hula har takalmi, har ya tambaye ni ko lafiya.

Amma ba a yanke wa ɗan mutane hukunci da ruwan koko. Na ce tsohuwar kamara ce, idonta ya mutu, bari in sake. Ran Asabar na je kasuwar kayan lantarki wurin wata mata da na saba da ita. Ta fito da wata sabuwa, ta haɗa da wayarta, ta haska ni, har furfurar gemuna ana iya ƙirgawa. Na ce, "Lawban," wato mai shago, "wannan nake so." Ran Lahadi na hau kujera na cire tsohuwar, na ɗaura sabuwar a gurbinta, na ɓare 'yar ledar da take kan gilashin. Na duba waya, ga baranda nan tar, har tsagar da take jikin bango.

Ramatou ta leƙo ta ce, "Waccan me ta yi?"

Na ce, "Ta tsufa."

"To Allah ya sa kada mu ma a sake mu."

Ran Litinin tun ƙarfe uku na kasa zama. Na jingine wayar a jikin kwalin mayafai ina kallo. Baranda tar, ba kowa. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na ga gefen farin hijabi ya ɓullo a can ƙasan hoton, daidai ƙarƙashin kamarar inda ba ta gani, ya koma. Farin hijabin salla ne, guda ɗaya ne a gidan, uwar da 'yar duk suna sawa. Ba a yi minti biyu ba hoton ya fara hazo. Ina kallo yana dusashewa kamar ana ja masa labule. Da huɗu da rabi ta yi, mai fararen kaya ya zo, ya rusuna, ya miƙa, ya tafi, ban ga ko hancinsa ba. Na ƙure murya, ba abin da na ji sai kugin injin sanyaya ɗakin maƙwabta.

Makon nan ba abin da ban yi ba. Na shiga cikin manhajar na ga an bar hoton a ƙaramin mataki, na mayar da shi babba. Na ce ko wayfay ne ba ya kaiwa, na ciro akwatinsa daga bayan talabijin na rataye shi kusa da ƙofa. Na sake katin ajiya. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Zuwa Laraba ma abin ya daina jiran huɗu, tun da safe hoton a dushe yake, da yamma ya ƙara.

Na nuna wa Munkaila, wani Bazazzagi mai harkar tura kaya da ofishinsa yake jikin shagona. Ya kalla, ya sake kallo, ya kwashe da dariya.

"Bakano, wannan ai aljani ne ya zo neman aure."

"Ka bar wasa, Munkaila."

"To in ba wasa, kamara sabuwa dal ba ta makancewa da kanta. Ka duba gilashin? Yaran yanzu ai sun fi mu. Ɗan man shafawa a yatsa, shafa ɗaya, shi ke nan ka zama makaho da kuɗinka."

Da ya ga fuskata sai ya daina dariya. Ya ce, "Kai, ni fa zolaya nake. Yarinyar nan ko ɗaga ido ba ta yi. Ka tambaye ta mana."

"Kai kana tambayar naka ɗan farin?"

"Ni nawa yana Zariya, sai dai ya tambaye ni kuɗin mota."

Ran Lahadi da suka tafi cefane, na hau kujera na shafa gilashin da yatsa. Maiƙo. Wani abu mai danƙo-danƙo, ruwan ƙasa. Na kai hanci. Ƙamshi ne, kuma ƙamshin gidana, irin wanda yake jikin hijaban matata da 'yata. Na goge gilashin da bakin rigata, abin ma sai ya ƙara damewa.

Ran Litinin da asuba, kafin in fita, na buɗe durowar da muke ajiye takardu na ɗauki fasfonta. Na ce in har Juma'a ta yi ban ga fuskar mutumin nan ba, ko na gan ta ta zama wadda nake zato, gara ta je wurin Balki ta zauna. Karatu ba ya mayar da mutunci in ya zube. Haka na riƙa faɗa wa kaina a cikin jirgin ƙasa, hannuna dafe da aljihu.

Da na dawo na tarar an fito da komai na durowar an baza a tabarma. Ramatou ta ce, "Maigida, ba ka ga fasfon yarinyar nan ba? Juma'a fa za ta kai."

Na ce, "Ku duba da kyau."

Ban yi ƙarya ba, amma tuwon ranar bai wuce mini ba.

Ran Laraba na kwance kamarar na mayar wa matar nan. Na ce kayanta ba shi da kyau. Ta haɗa ta da wuta, ta duba, ta ce, "Meyo, meyo," wato ba abin da ya same ta. Ta ɗiga wani ruwa a ƙyalle ta goge gilashin, hoto ya dawo tar. Ta dubi ƙyallen, ta shinshina, ta yi magana a wayarta, wayar ta juya mini. Wai wannan hayaƙi ne ya haɗu da damshin gari ya kama gilashi. Wai muna kunna turare a bakin ƙofa?

Nan take na tuno da 'yan jajayen allunan nan da Sinawa suke kafawa a gindin ƙofa, da tsinkayen turare a soke cikin toka, da lemo a gaba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Mu Musulmi ne, ba ma wannan." Ta ɗaga kafaɗa, ta miƙo mini kamarar da ƙyallen. Na fito ina cewa a raina, ji 'yar kasuwa, ta rasa abin faɗa sai ta jingina mini bautar gunki.

Na mayar da kamarar a daren. Amma na daina yarda da ita. Ran Alhamis na bar wa Munkaila makullin shago na ce in an zo nema ya ce na je Huangpu. Ƙarfe uku da rabi na shigo benenmu kamar ɓarawo, na wuce ƙofata a kan yatsun ƙafa, na hau rabin matakalar da take zuwa hawa na bakwai na zauna. Daga nan ina hango ƙofar ta tsakanin ƙarafa. Matakalar a jiƙe take, wandona ya sha ruwa. Mutum da gemunsa, yana laɓe a gidan da yake biyan haya.

Ƙarfe huɗu da minti biyar ƙofa ta buɗe kaɗan. Ramatou ce, da farin hijabin salla, da kasko a hannu. Ta durƙusa ta ajiye shi a lungun dokin ƙofa, ta buɗe 'yar kwalba ta barbaɗa turaren wuta a kan garwashin, irin wanda ƙanwarta take haɗo mata daga Maraɗi. Ta bar ƙofar a ɗan buɗe don ƙamshin ya shiga, ta koma.

Hayaƙin ya tashi, mai kauri, ya miƙe sak kamar an ja shi da zare, ya lulluɓe kamarata.

Na zauna baki buɗe. Sai a lokacin na tuna. Bara ta taɓa kunna turare a falo, na'urar gobara ta kama ihu, masu gadin bene suka hawo da gudu. Ran nan na ce kada a ƙara kunna mini garwashi a cikin gidan nan. A cikin gida na ce. To ga shi a waje. Turaren da na tashi a cikinsa tun ina goye, amma da Basiniya ta tambaye ni sai na ce ba ma yi.

To wannan na kamara ke nan. Saura mutumin.

Huɗu da ashirin da biyar na ji taku daga ƙasa, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Farin kai ya fara ɓullowa, sannan farar riga mai faɗin hannu, da farin wando. Ya tsaya a gaban kaskon, ya ba ni baya, ya rusuna wa hayaƙin sau uku. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na ce, "Kai!"

Ya juyo. Ba hula ba ce, furfura ce. Ba kuma jallabiya ba ce, kayan nan ne da tsofaffinsu suke sawa su je lambu suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska. Tsoho Lam ne na hawa na bakwai, wanda da can kullum da safe muke haɗuwa a matakala yana ɗauke da kejin tsuntsunsa, in ce masa "nihaw", ya gyaɗa kai.

Da ya gan ni sai idanunsa suka fito. Ledar hannunsa ta suɓuce, lemo guda uku suka gangara matakala suna tsalle. Ya ja da baya har ya bugi bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, yana nuna ni da yatsa, bakinsa yana motsi ba magana.

Ƙofa ta buɗe. Saffana ta dube ni, ta dubi tsohon, ta ce, "Innalillahi! Mama, kawo ruwa!" Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo, ta kwance masa maɓallin wuya, tana yi masa magana da Sinanci da ƙarfi a saitin kunne. Ta laluba aljihunsa ta ciro wata 'yar kwalbar magani, ta karanta jikinta, ta ba shi ƙwaya ɗaya. Hannunta ko rawa ba ya yi. Ban taɓa ganin ta a bakin abin da take koyo ba sai ran nan.

"Baba, miƙo masa hannunka."

"Hannuna?"

"Ya taɓa ka ya ji da ɗumi. Miƙo, don Allah."

Na miƙa. Tsohon ya taɓa da yatsa ɗaya, ya janye. Ya sake kamawa da hannu biyu, ya matsa, ya shafa har gwiwar hannu. Sai ya fashe da wata irin dariya, hawaye yana bin kumatunsa, yana dukan cinyata yana surutu.

Na ce wa Ramatou, "Wai mene ne haka?"

Ta ajiye kofin ruwan, ta ja hijabi ta rufe baki. "Maigida, ka yi haƙuri. Shi fa a wurinsa ka rasu."

"Na me?"

"Ka rasu. Tun tafiyarka Kano."

Da ƙyar na haɗa zancen, don tana yi tana dariya tana istigfari. Tsohon ya daina ganina a matakala. Takalmana sun ɓace daga bakin ƙofa. Sai ga matata kullum da la'asar cikin fararen kaya, wanda a wurinsu na makoki ne, tana durƙusawa tana kunna turare a bakin ƙofa, yadda suke yi wa mamacinsu. Shi ma bara matarsa ta rasu. Shi ne ya ɗauki nauyin kawo lemo kullum ya ga hayaƙi, ya gaida mamaci, ya gaida marainiya.

"Ba ku gaya masa ba?"

Saffana ce ta amsa, idonta a kan tsohon. "Na gaya masa ya fi sau biyar. Kunnensa ba ya ji sosai, kuma yaren garin nan yake yi, ba wanda ake koya mana ba. Har hotonka na nuna masa a waya."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya rusuna wa hoton."

Ramatou ta kasa tsayuwa, ta dafa ƙofa. Ta ce, "Ni kuma da wane baki zan ce maka maƙwabci yana zuwa gaisuwar rasuwarka? Kai da in ka yi mafarkin haƙori ya fita sai ka kira Kano a yi sadaka? Ga hawan jini. Ga kuma zancen garwashi da ka hana. Muka ce bari aikin Huangpu ya ƙare, ku haɗu a matakala da kanku."

"Lemon da nake sha kullum fa?"

"Na ta'aziyyarka ne. Ai ka ce da zaƙi."

Muka kama tsohon, ni da Saffana, muka hau da shi ɗakinsa. A gindin ƙofarsa ga ɗan jan allon nan da toka, a ciki ga hoton wata tsohuwa a bango, ga tsuntsu a keji. Ba kowa sai shi. Ya ƙi sakin hannuna sai da na sha shayinsa mai ɗaci.

Da muka fito, a kan matakala, daidai inda na zauna ɗazu, ta tsaya. Shacin zamana yana nan a kan damshin. Ta dube shi, ta dubi bayan wandona, ta leƙa ta tsakanin ƙarafan ta hango ƙofarmu da kamarar a sama.

"Baba, yau ba ka je Huangpu ba?"

Na sa hannu a aljihu na ciro fasfon. Ya yi laushi saboda gumi. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta rufe. Ban ga mamaki a fuskarta ba.

"Na san yana wurinka tun ran Talata," in ji ta. "Na ga shacinsa a aljihunka lokacin da kake alwala."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Kai ma ai ba ka tambaye ni ba."

Ta faɗa a hankali, ba rashin kunya a ciki, kanta a ƙasa. Da zagi ne da ya fi mini sauƙi. Ta fara sauka. Na ji in ta kai ƙofar nan ta shiga, wani abu zai rufe wanda ba ƙyallen da zai goge shi.

Na ce, "Saffana."

Ta tsaya cak, kamar an kira wata. Ni ma sunan ya yi mini wani iri a baki.

"Gobe ƙarfe nawa ake buɗe ofishin?"

"Tara."

"Zan raka ki."

"Na san hanya, Baba."

"Na sani. Zan raka ki."

Ta gangara ƙasa ta tsinto lemon nan uku, ɗaya ya fashe, ta shige gida.

Washegari muka tafi tare. Tasha goma sha ɗaya muka yi a jirgin ƙasa. Na zauna a benci a waje har ta fito da 'yar takardar shaida a hannu. Da muka zo rabuwa, ni zan yi masallaci ita za ta shiga aji, ta buɗe jaka ta ba ni wata 'yar kwalba da ƙullin auduga.

"Sifirit ne. Sau ɗaya a mako, kada ka sa bakin riga, yana ƙara ɓata shi. Kuma ka gaya wa Mama ta matsar da kaskon ɗaya gefen."

Na ce, "Ko in cire ta gaba ɗaya?"

Ta ce, "Bar ta. Tsohon nan shi kaɗai ne. In ya faɗi a matakala, gara a gani."

Ismaël ya zo ran Asabar, na ba shi kujera har da shayi, yana ta kallona bai san dalili ba. Munkaila kuwa har yau in na shigo sai ya miƙe ya ce, "Allah ya jiƙan Bakano."

Hoton yanzu tar yake. Kullum bakwai da rabi wayata tana ƙara, in ga Saffana ta fito ta sa takalmi ta gyara jaka. Ba ta ɗaga kai ta dubi kamarar. Mako uku ke nan ina jira ta ɗaga.